A'isha Fallatiya da Darajar Mawaƙa a Sudan

Abu Hujar yana bakin kogin Nilu Shuɗi, kudu da Sinja, a jihar Sinnar. A wannan yanki ƙauyukan Hausawa suna da yawa. Kakanninsu sun biyo hanyar Makka ne suka yada zango, waɗansu kuwa sun zo bayan yaƙin Burmi na 1903 tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, hannuwansu suna cikin waɗanda suka tsinci audugar Jazira. Amma idan aka tambayi mutumin Khartum abin da zuriyar nan ta ba ƙasar, sunan da zai fara zuwa bakinsa na wata mawaƙiya ne, wato A'isha Fallatiya.

A Sudan ta zamanin A'isha, lambar girma mafi tsada ga mawaƙi mai rera waƙa shi kaɗai ba kofi ba ce. Amincewar gidan rediyon Omdurman ce. Turawan Ingila suka buɗe gidan a 1940 domin ba da labarin yaƙin duniya na biyu, daga baya ya zama ƙofar da kowane mawaƙi yake so ya shiga. Aka kafa kwamiti mai sauraron muryoyi. Wanda aka yarda da muryarsa ya zama mawaƙin ƙasa, a sa shi a aji, a kuma biya shi gwargwadon ajinsa. Muhammad Wardi, Banube daga arewa, ya shiga ta wannan ƙofa a 1957, bai daɗe ba ya kai aji na ɗaya, inda su Ahmad Mustafa da Usman Husain suke.

A'isha ta riga shi da shekara goma sha biyar. A Kasala aka haife ta, iyayenta daga ƙasar Sakkwato, mahaifinta malami ne mai makarantar allo. A gabansa ta koyi karatu da daidaita harafi, sa'an nan ta kai wannan gwaninta gidajen biki, abin da bai yi wa malam daɗi ba ko kaɗan. Ta yi faifai a Alkahira, ta bi sojojin Sudan zuwa sansaninsu tana yi musu waƙa, har yau ana tunawa da wadda ta yi ta fatan su komo gida lafiya. A 1942 ta zama mace ta fari da aka ji muryarta tana waƙa a rediyon. Waɗansu mawaƙa maza suka ga abin ƙasƙanci ne a haɗa su da mace. Ba ta janye ba, 'yar'uwarta Jidawiya ma ta shigo tana kaɗa mata molon Larabawa.

Tsarin nan na aji yana da kirkinsa, bai kamata a hana shi ba. Kunne ne yake hukunci, ba aljihu ba. Mawaƙin da ya saba da roƙo a ƙofar mai kuɗi ya sami albashin da ba ya bukatar ya wasa kowa, wannan kuwa 'yanci ne babba ga wanda ya san yadda maroƙi yake rayuwa. Ya kuma tilasta wa mawaƙi ya tsaya da muryarsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa shi kaɗai gaban ikilisiya ran Lahadi, bayan ya saba ɓuya cikin ƙungiyar mawaƙa ko zumuntar mata, ya san bambancin.

Inda tsarin ya gaza shi ne faɗin ƙofar. Kunnen da yake hukunci kunnen Omdurman ne, ma'auninsa kuwa waƙar Larabcin tsakiyar ƙasa. A'isha ta shiga domin ta iya wannan waƙa fiye da masu ita. Waƙoƙinta na Hausa suna nan, ta zo Nijeriya ma an ji ta, amma ba su ne suka ba ta kujera ba. Mai kalangu na ƙauye da zabiyar da take raya daren biki a gefen Abu Hujar, ba a yi ma'aunin dominsu ba. Ƙasa ta karɓi murya ɗaya, ta bar gidan da muryar ta fito a waje.

Sunan ma shaida ne. Sunanta na yanka A'isha Musa Ahmad. Fallata kuwa kalma ce da ake kiran duk wanda asalinsa yamma ne, Bahaushe ko Bafulatani ko Babarbare, sau da yawa da raini a ciki. Ta ɗauki lakabin ta mai da shi ado, duk da haka ya bi ta har ta rasu a Omdurman a 1974, yana tuna wa masu sauraro cewa baƙuwa ce take yi musu waƙa. Mai karanta Zabura ta 137 ya san nauyin da ke kan wanda aka ce ya yi waƙa a ƙasar da ba a lasafta shi ɗan gida ba. Bambancin shi ne A'isha ba ta san wani gida ba sai Sudan.

Tambayar ba ta mutu tare da ita ba. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Nilu Shuɗi a kan ƙasa da sarauta, aka kashe mutane da yawa, Hausawa suka fito zanga-zanga a garuruwa, har da Kasala inda aka haife ta. A Afrilun 2023 mayaƙan RSF suka kama gidan rediyon Omdurman, inda aka adana muryarta da ta su Wardi, sojoji ba su karɓe shi ba sai Maris na 2024. A ƙarshen Yuni na shekarar yaƙin ya iso Sinja, mutanen Abu Hujar da ƙauyukansa da yawa suka bar gidajensu.