Yadda Jaridu Suka Yi Wa "Jibrin Na Sudan" Talla Kyauta

A 2017 Muhammadu Buhari ya shafe sama da kwana 100 a jere yana jinya a Landan, fadar shugaban ƙasa kuma ba ta bayyana ciwon da ke damunsa ba. Kafafen labarai da dama, musamman na gwamnati, sai suka tsaya kan maimaita kalaman kakakinsa. Ta wannan ɓarakar Nnamdi Kanu ya cusa labarin wai Buhari ya rasu, an ɗauko wani Jibrin daga Sudan ya maye gurbinsa.

Jaridu sun ƙaryata, amma kanun labaransu na ta kiran sunan Jibrin. Tun 1977 Lynn Hasher da abokan bincikenta suka nuna cewa in aka yi ta maimaita wa mutum magana, ya fi ɗaukarta gaskiya ko da ƙarya ce, domin ƙwaƙwalwa takan ɗauki abin da ta saba ji a matsayin tabbas. Shi ya sa ko da Buhari ya musanta da bakinsa a Poland a Disambar 2018, labarin bai mutu ba.

Mutanen Daura ba su buƙaci jarida ba, ai gani ya kori ji: a garin yake jefa ƙuri'a, nan aka binne shi ranar 15 ga Yulin 2025. Sauran 'yan ƙasa kuwa sai abin da jarida ta ce, ita kuma ta riga ta zubar da amincinta tun ranar da ta kasa matsa wa fadar lamba kan lafiyar shugaba.