Jinjina ga Tafintocin Masana'antu

A duk masana'antar da aka sayo injinanta daga waje akwai tafinta, kuma ba kasafai ake ambatonsa ranar bikin buɗewa ba. Shi ke tsayawa tsakanin injiniyan da ya kafa injin da ma'aikacin da zai riƙe shi bayan baƙon ya koma gida.

Mu a Suleja mun daɗe da sanin darajar wannan aiki. A farkon shekarun 1950, lokacin garin yana amsa sunan Abuja, Bature Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, ta shiga a 1954. Dabarar gasa yumɓu da wuta mai tsananin zafi sai da ta ratsa Turanci da Hausa da Gwari kafin ta zauna a hannun magina. A Kaduna, Peugeot ya zo da Faransanci a 1975, masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta kuma ta zo da Rashanci.

Aikin akwai nauyi. Idan tafinta ya kuskure ma'aunin zafi ko ƙarfin lantarki, inji zai ƙone, wani lokaci har da yatsun ma'aikaci. Shi ya sa ƙwararre yake zagaya injin, ya tambayi bakanike sunan kowane ƙarfe kafin ya buɗe baki. Yau ko daga Sin kaya suka taso, ko daga Latbiya da mutanenta ba su kai miliyan 2 ba, dole a nemo mai jin harshen.

Masu masana'antu, ku kyautata albashin tafintoci, ku horar da matasanmu su gaje su.