Mondovino: Wa Ke Da Ikon Ɗanɗanon Ƙasa?

Mai karatu zai iya tambaya: ina ruwan wanda addininsa ya hana masa giya da fim a kan giyar inabi? Amsa ita ce, Mondovino, wanda Jonathan Nossiter ya nuna a bikin finafinai na Cannes a 2004, ba kirarin mashaya ba ne. Shari'a ce tsakanin manomi da kasuwa, kuma duk wanda ya taɓa riƙe hauya yana da abin cewa a cikinta.

Hujjar fim ɗin ta rataya ne a kan abin da Faransawa ke kira terroir, wato imanin cewa ƙasa da ruwa da iskar wuri, tare da hannun manomi, suna barin tambarinsu a cikin amfanin gona. Farar giya ce babbar shaidarsu. A yankin Bourgogne kusan duk da inabi iri ɗaya ake yin ta, Chardonnay, amma ta Chablis daban, ta Meursault daban. Gonar Montrachet, wadda ba ta wuce hekta 8 ba, sunanta ya zaga duniya.

Inda Nossiter ya yi gwaninta shi ne wajen zaɓen masu magana. Ga Yvonne Hegoburu ta Jurançon, dattijuwar da ta dasa inabi bayan rasuwar mijinta, tana zancen gonarta kamar mai zancen amana. Ga Alix de Montille, ƙwararriya a farar giya, tana shirin barin babban kamfanin da take yi wa aiki domin ba ta yarda da tafiyarsa ba. A ɗaya ɓangaren kuwa akwai Robert Parker na Amurka, mai auna giya da maki 100, da Michel Rolland, mai ba da shawara ga gonaki a nahiyoyi daban-daban. Zargin fim ɗin a fili yake: idan harshen mutum ɗaya ne ke yanke farashi, kowa zai dafa abin da harshen nan ke so, ɗanɗano ya zama ɗaya. Labarin garin Aniane, inda jama'a suka kayar da magajin gari a zaɓen 2001, kamfanin Mondavi na Kalifoniya ya janye, ya ƙara wa zargin nauyi.

Sai dai fim ɗin yana da rauni. Nossiter ya riga ya yanke hukunci tun kafin ya ɗauki kyamara: Rolland kullum cikin mota yana dariya, mutanen gargajiya kullum cikin gona suna hikima. Mafi muni, “ƙaramin manomi” da ake tausaya wa ba talaka ba ne. Hubert de Montille lauya ne, magajin gonaki masu tsadar gaske. Masu tsinkar inabi a Faransa kuwa, waɗanda guminsu ke cika tulunan, sai dai a hango su. Wanda ya ce ƙasa ce ke magana, ya kamata ya tambayi wa ke da ƙasar.

Duk da haka darasin bai ɓace ba. Faransa ta kafa dokar kare sunan asalin amfanin gona tun 1935, kuma a 2015 UNESCO ta sanya gonakin Bourgogne 1,247 cikin kayan gadon duniya. Mu ma mun ɗanɗana wannan gwagwarmaya lokacin da wani kamfanin iri na waje ya nemi mallakar sunan albasar Galmi, manoma suka ce ba su yarda ba. Malamai da ƙungiyoyin al'adu za su amfana da kallon fim ɗin, muddin suka riƙe tambayar da ya kauce wa: in an kare sunan ƙasa, aljihun wa ribar ke shiga?