Dostoyevski a Kan Dandamali

A ƙarshen shekarar 1871 wata gimbiya mai suna Varvara Obolenskaya ta rubuta wa Fiyodor Dostoyevski wasiƙa tana neman izinin mayar da littafinsa Laifi da Hukunci wasan kwaikwayo. Bai hana ta ba, amma ya ja mata kunne cewa irin wannan yunƙuri ba kasafai yake kai labari ba. Shawararsa ita ce ta tsinci yanki guda ta gina wasanta a kai, ko ta riƙe jigon ta sake labarin ɗungurungum.

Kwaɗayi ya hana da yawa jin wannan magana, kuma ba a ga laifinsu ba. Littattafan mutumin cike suke da abin da dandamali ke so, wato jama'a cunkushe a ɗaki guda, ana tonon silili, ga kuɗi ana jefawa cikin wuta. A 1910 Nemirovich-Danchenko ya shirya 'Yan'uwan Karamazov a Mosko, wasan ya ci dare biyu, aka kuma tsayar da mai karatu a gefe yana cike giɓin da 'yan wasa suka kasa. Da ya koma kan littafin Shaiɗanu a 1913, Maksim Gorki ya fito a jarida yana cewa guba za a shayar da jama'a. Albert Camus ma ya ɗauki Shaiɗanu a Faris a 1959, shi ma da mai ba da labari. Na Lev Dodin na 1991 kuwa, kusan wuni guda ake yi ana kallo.

A ganina mai karatun nan shi ne shaidar inda gizo ke saƙa. Rabin Raskolnikov, jarumin Laifi da Hukunci, a cikin kansa yake, kwance a ƙuntataccen ɗakinsa, zazzaɓi na dafa shi yana gardama da zuciyarsa. Ɗan wasa ba shi da hanyar nuna wannan sai ya buɗe baki, da zarar ya buɗe kuma abin ya koma jawabi.

Andrzej Wajda na ƙasar Poland ne ya fi kowa kama shawarar marubucin. A Krakow a 1977 ya ɗauki littafin Dolo ya zubar da kusan komai, ya bar daren ƙarshe kawai: Mishkin da Rogozhin zaune kusa da gawar Nastasya, wadda Rogozhin ya soke da wuƙa. Mutum biyu kacal, duk abin da ya wuce daga bakinsu yake fitowa gutsure-gutsure. Har gwajin wasan a gaban 'yan kallo aka riƙa yi. A 1984 ya yi wa Laifi da Hukunci irin wannan aski, ya ɗora nauyin wasan a kan zaman Raskolnikov da mai bincike Porfiri, ɗaya na wasa da ɗaya kamar kyanwa da ɓera.

Masu ɗauko rayuwarsa kuwa kayan aiki ya yi musu yawa: tsayuwarsa a filin kisa a Disambar 1849 kafin afuwar sarki ta iso, shekara huɗu a kurkukun Omsk, farfaɗiya, caca, da Anna Snitkina da ya yi wa shiftar Ɗan Caca cikin kwana 26 a 1866 sannan ya aure ta. Haɗarin shi ne wasan ya zama jerin masifu. Edvard Radzinski ya kauce wa wannan ta hanyar ƙin fito da marubucin kai tsaye. Wasansa a kan wata tsohuwar 'yar wasa yake, wadda aka ja ta ta shiga rigar Anna bayan ta daɗe da barin dandamali.