Wa Ya Kaɗa Kalangun? Tsokaci a Kan Tsofaffin Faya-fayai da Makaɗan da Ba a Ambata

1.0 Gabatarwa

A tashar mota ta Birnin Gwari, kamar sauran tashoshin ƙasar Hausa, ba a rasa teburin mai shayi inda ake sa tsofaffin waƙoƙi, da can a rikoda mai kaset, yanzu kuwa a wayar hannu. Masu zama a irin wannan wuri suna da kunne. Da an sa Shata ko Ɗanƙwairo, wani zai ce wannan ɗauka ta fi wadda aka saba ji a rediyo, wani ya ce a nan mawaƙin yana da sauran ƙuruciya, wani kuma ya gyara wa mai bin waƙar inda ya karkace. Amma idan aka tambaye su sunan wanda ya rataya kalangun da yake magana a bayan muryar Shata, ko waɗanda suke yi wa Ɗanƙwairo amshi, galibi sai a yi tsit. Abin da ya fi damuwa shi ne, in an kai tambayar nan ɗakin karatu, aka buɗe kundayen digiri da aka tara a kan waɗannan mawaƙa, da yawansu su ma shiru za su yi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba wannan giɓi. Za ta fara da misalin masu sha'awar kiɗan jaz, domin sun ci karo da matsala irin wannan tun tuni, sa'an nan ta dawo kan faya-fayan Hausa, ta ƙare da ƙasar Birnin Gwari, inda jinkiri ya fi tsada.

2.0 Yadda Masu Son Jaz Suke Sauraro

Jaz kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka, wanda ya tsiro a birnin New Orleans wajen farkon ƙarni na 20. Faifansa na farko ya fito a 1917, kuma wata ƙungiya ta farar fata ce ta yi shi. Mutumin da tsofaffin makaɗan garin suka ɗauka uban tafiya, watau mai busa ƙaho Buddy Bolden, ya sami taɓin hankali a 1907 aka kai shi asibiti, ya rasu a can a 1931, kuma har yau ba a sami ko faifai ɗaya mai ɗauke da busarsa ba. Wannan rashi ya zama darasi ga masu son kiɗan.

A 1936 wani Bafaranshe mai suna Charles Delaunay ya buga littafi wanda kusan dukkansa jeri ne: kowane faifai da lambarsa, da lokacin da aka ɗauke shi, da sunan kowane mutum tare da abin da ya kaɗa ko ya busa. Daga nan abin ya zama fanni mai zaman kansa. Saboda haka mai son faya-fayan da Louis Armstrong ya fara yi da ƙungiyarsa ta mutum biyar a 1925 ya san Johnny Dodds ne a kan sarewa, Kid Ory a kan babban ƙaho, Lil Hardin a kan fiyano, Johnny St. Cyr kuma a kan banjo, wani abin kiɗa dangin molo. Yana iya bin Dodds shi kaɗai daga faifai zuwa faifai, ya ji inda ya yi ƙwazo da inda ya yi sanyi.

Sha'awar ba ta tsaya a takarda ba. Wajen ƙarshen shekarun 1930 wasu masu bincike suka ji labarin wani tsoho, Bunk Johnson, wanda ya yi busa a New Orleans tun yana yaro. Suka same shi a garin New Iberia yana aikin ƙwadago, haƙoransa sun zube, ba shi da ƙaho. Aka yi karo-karo aka sa masa haƙora, aka saya masa ƙaho, aka fara ɗaukar busarsa a 1942. Ya rasu a 1949. Abin da aka ɗauka a tsakanin nan shi ne duk abin da aka mallaka na sautinsa.

3.0 Abin da Kunne Yake Ji a Faifan Hausa

Waƙar baka ta Hausa ta yi tarayya da jaz a abu guda muhimmi, watau ba a yin ta sau biyu iri ɗaya. Alhaji Mamman Shata (1923–1999) ya shahara da ƙirƙira nan take, kuma Bakandamiyarsa da aka ɗauka a lokuta daban-daban ba ta zo da ɗiya iri ɗaya ba, balle jeri ɗaya. Ke nan kowace ɗauka matani ce mai cin gashin kanta. Manazarcin da ya kafa hujja da waƙar Shata, bai faɗi wace ɗauka ya saurara ba, ko a ina aka yi ta, ko a wace shekara, ya yi daidai da mai nazarin waƙar ajami wanda bai faɗi hannun wa ya kwafe ta ba.

Abu na biyu shi ne kiɗan kansa. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu kuwa ana matsa tsarkiyarsa a hammata a ɗaga sautinsa ko a sauke, don haka yana faɗin magana. Sau da yawa kafin Shata ya buɗe baki kalangu ya riga ya faɗi gindin waƙar. In ya dakata don ya numfasa ko ya lalubo ɗa na gaba, kalangu ne yake riƙe fage, ƙananan ganguna irin su kuntuku suna tsare masa ƙafa. Mai kunne yana jin lokacin da makaɗi ya zuga mawaƙi ya ƙara wuta, da lokacin da ya sassauta masa. Duk wannan yana zubewa da zarar an juye waƙar a takarda, an bar kalmomi tsirara.

Abu na uku shi ne 'yan amshi, musamman a wajen makaɗan fada na ƙasar Sakkwato da Zamfara, irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo masu kotso, da Salihu Jankiɗi mai taushi. A nan jagora yakan ɗauko ɗa ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su ƙarasa, wani lokaci ma su yi ta miƙa wa juna layuka kafin a koma gindi. Wanda ya kasa kunne ga faifan Narambaɗa zai tarar kaso mai yawa na kalmomin da ake yabawa daga bakin mataimakansa suke fita. Nazarin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tsara kalmomin bayyana wannan aiki, irin su ƙari da rakiya da bayayyeniya. Abin da ya rage shi ne a bi muryoyin ɗaya bayan ɗaya a san masu su.

Tarihin Ɗanƙwairo kansa ya isa hujja. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, kuma kafin Musa ya zama jagora ya daɗe yana amshi, har ya riƙe sarautar Daudun Kiɗi a ƙarƙashin wansa Kurna. Masu tarihinsa sun ruwaito cewa laƙabin ma na wani yaron mahaifinsa ne mai zaƙin murya, aka ji muryar Musa ta yi kama da tasa aka liƙa masa. Ashe sunan da ya cika ƙasar Hausa aro ne daga wani ɗan amshi da ba a san shi da faifai ba.

4.0 Wanda Na'ura ta Zaɓa

Faifan garmaho na da, mai juyi 78 a minti, kimanin minti uku yake ɗauka a kowane gefe, alhali waƙar fada ko ta gayya takan ninka haka sau da yawa. Dole a datse. Kamfanonin faifai irin su EMI da Decca kuwa 'yan kasuwa ne, abin da zai sayu suke nema. Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, sai wata hanya ta samu, amma ita ma makaɗin da ya iso birni shi ake ɗauka. Wanda aka ɗauka shi ake sawa a shiri irin Zaɓi Sonka, wanda aka sa shi jama'a suke nema, shi ne kuma ɗalibi yake samun kaset ɗinsa ya rubuta kundi. Babu mai musun gwanintar Shata ko Ɗanƙwairo ko Ɗan Maraya Jos. Sai dai jerin da ake kira na manyan mawaƙa, wani ɓangarensa jeri ne na waɗanda suka dace da ubangida mai faɗa a ji, ko suka zauna kusa da titi. Ko a cikin waɗanda aka ɗauka ɗin, masu kukuma irin su Ibrahim Na Habu da Garba Sufa da Ahmadu Doka da Hassan Wayam, da Haruna Uji mai gurmi, ba su sami kulawar manazarta kamar ta makaɗan fada ba.

An yi ƙoƙari ta wata fuskar. David Ames ya ɗauki kiɗe-kiɗe a ƙasar Zazzau a 1963 zuwa 1964, aka fitar da wasu a faya-fayai biyu cikin jerin na UNESCO, sa'an nan shi da Anthony King suka buga ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, wanda ya ba makaɗan sana'o'i gurbinsu. Haka kuma shahararren mabushin jaz Yusef Lateef ya zauna a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello daga 1981 zuwa 1985, ya mai da hankali ga sarewar Fulani, shi da Ziky Kofoworola suka buga littafi a kan kiɗa da wasannin Hausa a 1987. Abin lura ne cewa mutumin da duniya ta san sunansa ya zo neman ilmin busa a wajen makiyaya.

Zuwan kaset a shekarun 1970 ya faɗaɗa fage, domin duk mai rikoda yana iya ɗauka a wurin biki ko dambe ko gayya. Amma yawancin waɗannan kaset babu rubutu a jikinsu, sai abin da mai su ya tuna. Yanzu da ake juye su cikin waya, ɗan bayanin da ya rage ma yana ɓacewa, har ta kai tsohuwar murya in dai da kalangu sai a laƙaba wa wani sanannen suna a wuce wurin.

5.0 Birnin Gwari da Dajinta

Birnin Gwari tana kimanin kilomita 120 yamma da Kaduna, a kan tsohuwar hanyar Legas, kuma ƙasarta ta yi iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina. A cikinta ne dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe a 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, yana kuma maƙwabtaka da dajin Kuyambana na Zamfara. Ƙasa ce ta manoma da mafarauta da makiyaya, inda Hausawa da Gwarawa da Kamukawa da Fulani suka daɗe suna cuɗanya. Kiɗan irin wannan ƙasa, ban da na fada, kiɗa ne na sana'a: gangar noma a wurin gayya, garaya da komo ga mafarauta, kalangu ga mahauta da 'yan dambe, dundufa ga maƙera, sarewa ga mai kiwo. Su ne kuwa ainihin makaɗan da garmaho bai bi ta kansu ba.

Darajar wannan kiɗa ta wuce daɗin sauraro. Kirarin maharbi yana ɗauke da sunayen namun daji da halayensu, da na itatuwa da rafuka da duwatsu. Waƙar noma tana ambaton gwanayen garma na kowane ƙauye, waɗanda babu littafin da zai ambace su. Shi ma yadda Bahaushe da Bagwari suka ari kari da kayan kiɗa daga juna, a bakin waɗannan makaɗa kaɗai za a ji shi.

Tun kafin rashin tsaro wannan kiɗa ya fara ja da baya. Galmar shanu da tarakta da aikin ƙwadago sun rage gayya, 'ya'yan makaɗa da yawa sun guji gado saboda kallon maroƙa da ake yi musu, matasa kuma sun koma ga waƙar fiyano tun shekarun 1990. Amma a shekarun 2010, da satar shanu ta rikiɗe ta zama fashi da garkuwa da mutane, sai abin ya zo da gaggawa. A watan Mayu na 2018 an kashe mutum fiye da 40 a hari ɗaya a ƙauyen Gwaska. Ƙauyuka sun watse, gonakin nesa sun koma saura, taron dare ya gagara. Kiɗan sana'a kuwa da sana'arsa yake rayuwa: in babu gayya babu mai kiran makaɗin noma, in daji ya hanu ga maharbi garaya sai ta koma rataye. Makaɗin da ya yi gudun hijira zuwa gari ya zama ɗan dako ko mai gadi, halinsa bai bambanta da na Bunk Johnson a New Iberia ba, sai dai shi babu wanda ya tafi nemansa. A watan Nuwamba na 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin. Sulhu yana iya mai da mutum gonarsa, amma tsohon da ya rasu da waƙoƙinsa a ka ya tafi da su. Idan ba a yi wani abu ba, na baya za su san dajin nan ta labarin 'yan bindiga kawai.

6.0 Kammalawa

Mai ja yana iya cewa a al'adar Hausa ƙungiya ta jagora ce, sauran yaransa ne, kuma suna sauyawa, don haka neman sunayensu ɗaukar ɗabi'ar wasu ne. Amsa ita ce, su kansu mawaƙan ba su ɓoye mutanensu ba. Sukan kira makaɗansu da suna a tsakiyar waƙa, su yaba musu ko su zolaye su, makaɗan fada kuma har sarautu suke ba su. Sunayen suna nan cikin faya-fayan, masu juyewa a takarda ne suke tsallake su.

Bisa ga haka, aiki uku ne a gaban sassan Hausa na jami'o'i da cibiyoyin nazari. Na farko, a kafa rijistar faya-fayai da kaset, kowace ɗauka da wurinta da shekararta da kayan kiɗanta da sunayen masu kiɗa da amshi, a kuma wajabta wa ɗalibi ya faɗi ɗaukar da ya nazarta. Na biyu, a nemi sauran waɗanda suka yi wa manyan mawaƙa kiɗa da amshi, da 'ya'yansu, a sa musu faifai su faɗi muryar wa suke ji. Na uku, a je Birnin Gwari da inda mutanenta suka yi hijira, a karɓi aron kaset daga hannun masu ajiya a kwafa tare da bayaninsu, a ɗauki tsofaffin makaɗan noma da na farauta da yardarsu, a kuma biya su haƙƙinsu. A wannan aiki dattawan teburin mai shayi abokan bincike ne, domin da tsohuwar zuma ake magani, kuma su ma shekaru suna tafiya da su.