Kabaskabo ya bar birni, amma ina ya nufa?

Yau hirarmu a kan wani silima ce. Sunansa Kabaskabo, da Faransanci ana rubuta shi Cabascabo. Umaru Ganda ne ya yi shi a Yamai a 1968, kuma shi da kansa ya fito a Kabaskabon. Silima ne gajere, bai kai awa guda ba, hotonsa baƙi da fari. Yawancin maganar cikinsa da Zabarmanci ne, amma Bahaushen da ya taɓa tafiya biɗa ba ya bukatar tafinta.

An haifi Umaru Ganda a Yamai a 1935. Tun yana saurayi ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indoshin, wajen ƙasar da ake ce wa Biyetnam yau. Da ya komo gida bai samu aiki ba, sai ya wuce Abijan yana dako a tashar jirgin ruwa. Can ya gamu da wani Bafaranshe mai ɗaukar silima, Jean Rouch, wanda ya sa shi cikin wasansa. Ke nan abin da Ganda ya nuna mana ba labarin ji ba ne.

Ga yadda labarin yake. Kabaskabo tsohon soja ne, ya dawo daga yaƙi da kuɗi a aljihu. Dangi da abokai suka tarye shi da murna. Ko'ina ya zauna sai a kewaye shi, yana ba da labarin yaƙi, yana kyauta. Kuɗi suka yi ta tafiya. Ran da suka ƙare, mutane ma suka ƙare. Mutumin da aka yi wa kirari jiya, yau aikin lebura yake nema. Daga ƙarshe ya saɓa gatari, ya juya wa gari baya, ya nufi daji. Nan silima ya tsaya.

Wurin da Ganda ya fi gwaninta shi ne wajen abokan nan. Bai mai da su miyagu ba. Mutane ne irin waɗanda muka sani, masu dariya da fara'a, waɗanda su ma ba su da komi, sun ga inuwa sun raɓa. Kuma bai wanke Kabaskabo ba. Yana son yabo, yana son a ce shi ne. Babu wanda ya ƙwace masa ko dala, da hannunsa ya raba. Duk wanda ya taɓa komowa daga Abijan ko Legas da rediyo da sabuwar riga, ya ga yadda zaurensu ya cika mako biyu sa'an nan ya koma wayam, zai kalli wannan wuri ya yi shiru.

To, amma ni ƙarshen ne bai gamsar da ni ba. Da yawa suna cewa ma'anarsa ita ce Kabaskabo ya yi hankali, ya gane noma ya fi zaman birni. Ni ban ga haka ba. Da kuɗinsa ba su ƙare ba, da ya tafi? Ba son gona ya fitar da shi ba, kunya ce da aljihu wofi. Birni ne ya gama da shi, ba shi ya gama da birni ba. Mai barin gari don ya zaɓa dabam, wanda gari ya tofar dabam, kuma manomi ya san bambancinsu tun ran noman farko.

Sa'an nan a dubi abin da ke kafaɗarsa. Gatari ne, ba hauya ba. Da gatari ana sassabe, gaskiya ne. Amma da shi kuma ake saran itacen wuta, itacen nan ko birni ake kai shi a sayar. In haka ne, Kabaskabo bai rabu da Yamai ba, ya koma bayanta ne kawai yana ci daga murhunta. Yau ma da manoman Maraɗi da Damagaram suka koyi barin kututture ya sake toho cikin gona, ba kowane ƙauye zai yi murna da baƙo mai gatari ba.

Ganda bai bi shi da na'urarsa zuwa ƙauye ba, kuma nan ne tambayoyinmu suke. Wa zai ba shi gona? Wa zai ranta masa iri? Me zai ci kafin kaka? Mutumin birni ya kan ɗauka ƙauye uwa ce, kullum da tuwo a rufe tana jiran ɗanta. Mu da ke zaune ciki mun san watan da rumbu ke yin ƙara in an buga shi.

Lokaci ma bai goyi bayan wannan ƙarshe ba. Shekaru kaɗan bayan silima ya fito, fari ya tsananta. A 1973 da 1974 mutanen daji ne suka kwararo Yamai, aka tara su a zangon Lazare. A 1984 aka sake. Yamai da ba ta wuce mutum kamar dubu 30 ba a 1960, ƙidayar 2012 ta same ta da fiye da miliyan 1. Hanyar da Kabaskabo ya bi shi kaɗai ya fita, dubbai sun biyo ta sun shigo. Cikinsu akwai masu cewa kowace shekara bana za su koma gida, ga shi har sun aurar da jikoki a birni.

Wannan bai rage wa silima daraja ba. An nuna shi a Kan ta ƙasar Faransa a 1969, ya kuma samu kyauta a Masko a shekarar nan. A 1972 wani silimansa, Wazzou, ya ci babbar kyautar bikin silima na Wagadugu. In an kawo Kabaskabo garinku, ku je ku gani, ku tafi da samarin da ke shirin biɗa bana. In an tashi, ku tambaye su ko nan da shekara guda Kabaskabo yana ƙauye ko ya komo.

Shi dai Umaru Ganda a birni ya zauna. Ya rasu ran 1 ga Janairu 1981, kuma babban gidan wasanni na Yamai sunansa yake ɗauke da shi. Bai ɗauki kashi na biyu na Kabaskabo ba.