Masu tada tsohuwar ƙwayar cuta daga barci

Manomin auduga a Funtuwa da dillalin masara a kasuwar Malumfashi, kai, da kowane ɗan Adam, suna ɗauke da gadon da ba su san da shi ba. Kusan kashi 8 cikin ɗari na DNA ɗinmu burbushin ƙwayoyin cuta ne, dangin mai haddasa ƙanjamau, da suka kutsa cikin ƙwan haihuwar magabata tun miliyoyin shekaru, aka yi ta haifar 'ya'ya da su.

Irin wannan ƙwaya da kayan aikinta take tafe, wato inzayim. Ɗaya yana kwafe saƙonta daga RNA zuwa DNA, shi ne wanda Howard Temin da David Baltimore suka gano a 1970. Wani yana tsaga DNA ɗin mai masauki ya cusa kwafin, wani kuma ya daddatsa furotin har ƙwayar ta ƙosa. A jikinmu yawancin umarnin ƙera su ya lalace. Sai dai a zuriyar da ake kira HERV-K, wadda ba ta kai sauran daɗewa ba, akwai masu sauran numfashi.

To, a nan gwanintar tada ƙwayar daga barci take. Malamin da ya gaji kundin kakansa wanda gara ta ci ya san dabarar: ya aro kwafin gidan wane da na gidan wane, tun da ba wuri ɗaya gara ta ci a kowanne ba, ya jera su ya cike giɓi. Haka Thierry Heidmann da abokan aikinsa suka yi a Faransa a 2006. Suka jera kwafe-kwafen HERV-K da ke cikin DNA ɗinmu harafi bayan harafi, a kowane gurbi suka ɗauki harafin da ya fi rinjaye, suka harhaɗa cikakkiyar ƙwaya da suka raɗa wa suna Phoenix. Aikin haƙuri ne ƙwarai, don harafi ɗaya idan ya kauce yana iya kashe inzayim ɗungurungum. Da aka gwada ta, sai ga ta tana shiga ƙwayoyin halittar mutum a kwanon gwaji, ko da yake da rauni. A 2007 Paul Bieniasz da Young Nam Lee suka yi makamancin haka a Amurka.

Da samun inzayim masu aiki a hannu, sai aka iya gwada magunguna a kansu, aka kuma ga wasu magungunan ƙanjamau suna daƙile mai kwafe RNA ɗin. Har an jarraba irin waɗannan magunguna a Ostareliya kan masu ciwon shanyewar jijiya na ALS, wanda ake zargin HERV-K da hannu a ciki.